Maganar sa wa kwad ambirayaj mai rola a Damagaram

Malam Edita, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya haƙuri da jama'a, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka. Dan Allah ɗan fili nake roƙo in yi magana kan wani abu da ya shigo mana garaj a nan Damagaram, na san wani zai ce maganar ƙarfe da baƙin mai me ya kawo ta jarida, to amma kuɗin bayin Allah ne ke zubewa a ciki, kuma yaranmu aparanti su ne ke sa hannu cikin abin da ba a koya musu ba, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ni bakanike ne, moto nake gyarawa, kuma ƴan shekarun nan moto mai ƙafa huɗu da ake ce wa kwad ya fara zuwa hannunmu. Ba su da yawa kamar Kasea ko adaidaita, amma akwai su, wani na ƴan furoje ne da aiki ya ƙare aka sayar, wani na mai garka ne wajen Mirriya ko Gidimuni yana jan ƴar amalanke da taki da injin ban ruwa, wani na mai dabbobi ne da ke shiga daji wajen Tanut ko Gure inda ƙaramar mota ba ta ko gwadawa, sai kuma samarin gari masu son yawo. Yanzu duk wanda ke da shi in ya zo sai ya zaro waya ya nuna maka bidiyon YouTube ko TikTok, wani Ba'amurke ya canja wa nasa ambirayaj, kuloci kenan a bakin ƴan uwanmu na Najeriya, ya sa mai rola, wato mai ƴan tayoyi ƙanana a ciki, yana ta watsa taɓo, sai ya ce maka patoro irin wannan nake so, an ce yana ƙara ƙarfin inji. Wallahi ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko na dala ɗaya. Abin yana da amfani, ni kaina ina sa wa mutane shi in na ga ya dace, amma amfaninsa daban ne da abin da ake tallata musu, kuma ba kowane kwad ne ke karɓarsa ba.

Bari in ɗan buɗe murfin a gani. Yawancin kwad ba su da giyar da kake sawa da ƙafa kamar moto, bel ne mai kauri ke gudu tsakanin puli biyu, na gaba yana kan bakin inji, na baya yana kan akwatin giya, kuma kowane puli faranti biyu ne masu tudu da ke matsowa su kuma buɗe. In ka ba shi wuta inji ya ɗau juyi, akwai ƴan ƙarafa masu nauyi a cikin na gaba da juyin ke wurgawa waje, su ne ke tura faranti ya matse bel, bel ya hau sama a gaba, ta baya kuma dole ya nutse ciki don tsawonsa ɗaya ne, to hawan nan da nutsewar nan ita ce canjin giya, ba ɗaya biyu uku, a hankali yake tafiya ba tsalle. Ba sabuwar dabara ba ce, kamfanin DAF na ƙasar Holan ya fito da ita a ƙaramar mota tun 1958.

Na bayan shi ne inda maganarmu take. A cikinsa akwai rasor babba, wato sifirin, akwai kuma wani kofin ƙarfe da aka yanka wa gangara a baki, galibi guda uku, shi ake ce wa helis. Aikin helis shi ne jin nauyi. Kana gudu a kan gudro ka sauka ka faɗa rairayi, tayu sun yi nauyi, nauyin nan ya murɗa faranti a kan gangarar helis, faranti ya matso ya maida bel sama a baya, wato ya koma ƙaramar giya da kansa don inji kar ya shaƙe. A tsohon tsari abin da ke bin gangarar nan wasu maɓallan roba ne, goga suke yi a jikin ƙarfe, suna zamewa sama da ƙasa. In sababbi ne kuma wurin tsaf yake ba laifi suna aiki. To kawo su nan inda ƙurar hunturu ke shiga ko cikin kwanon da aka rufe, ƙura ta haɗu da baƙin garin bel ta zama yashin goge ƙarfe, maɓallan su cinye gefe ɗaya, gangarar ta yi ƴan ramuka da za ka ji da farce in ka shafa, sai faranti ya riƙa sarƙewa, ka shiga rairayi yana nan maƙale a babbar giya sai bayan wani lokaci ya saki. A ɗan tsakanin nan inji yana gurnani ƙasa ƙasa, bel yana sulɓi a kan faranti, zafi yana tashi, sai warin roba ya bugo maka hanci. Duk wanda ya bi hanyar rairayi da kaya ya san warin nan.

Mai rola abin da ya canja ɗaya ne tak, an cire maɓallan da ke goga an sa ƴan tayoyi ƙanana da ke birgima a kan gangarar, kamar dai bambancin mai jan buhun gero a ƙasa da wanda ya ɗora shi a baro. Gogayya ta ragu, faranti yana amsawa nan take, da tayu sun ji nauyi ya koma ƙasa, da ka fita ya hau, bel ba ya daɗewa yana sulɓi saboda haka ba ya ɗaukar zafi kamar da. Mai kwad sai ya ji kamar an ƙara masa ƙarfi, alhali ƙarfin nan dama yana nan, a da yana ɓacewa ne a hanya kafin ya kai ga taya. Mutumin da rabin tafiyarsa rairayi ne, yanzu tudu yanzu kwari, ya ba shi wuta ya saki ya ba shi ya saki, irin masu shiga wajen Gure da Tasker, wannan in injinsa lafiya yake ni da kaina zan ce masa ya sa, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Amma wanda daga Birni zuwa Zango zuwa kasuwar Dole ne iyakarsa, ko ya miƙe gudro zuwa Mirriya kilomita 18 ya dawo, me zai yi da shi? A miƙaƙƙiyar hanya bel ya hau sama ya zauna, rola da maɓalli duk ɗaya suke a wurin, gudunsa na ƙarshe ba zai ƙaru ba. Sabbin maɓallai da wanke faranti sun ishe shi.

Wani abu da nake so masu kallon bidiyon nan su riƙe shi ne ƙasar da aka ƙera abin. Kamfanin Polaris a garin Roseau na jihar Minnesota a Amurka ya fara a 1954, da motocin gudu kan ƙanƙara ya yi suna, kuma irin ambirayaj ɗin motar ƙanƙarar ne ya ɗauko ya sa wa kwad ɗinsa da ya fito da su a 1985. Can-Am na Kanada ne, shi ma gidan masu motar ƙanƙara. Wato wurin da aka haifi tsarin nan iska mai sanyi ce ke shiga ta huce bel, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi ya wuce 40 a inuwa, iskar da ke shiga cikin murfin da kanta wuta ce. Mutumin bidiyon matsalarsa taɓo da ruwa da manyan tayu, mu tamu zafi da ƙura da lodi. Saitin da ya yi masa daidai ba dole ba ne ya yi maka.

Sai maganar wane kwad. Wanda canjin nan ya fi shafa su ne tsofaffin Polaris irin Sportsman 500 da ya fara fitowa a 1996, da yawansu da maɓallan roba suka zo a baya, kuma akwai kamfanin Team Industries, shi ma a Minnesota yake, da ke ƙera na rola da ake maye gurbinsu da shi, daga baya ma Polaris ɗin da kansa ya riƙa fito da wasu da rola tun daga kamfani, saboda haka kafin ka yi komande a buɗe a duba, mai yiwuwa abin da kake nema yana cikin naka tuntuni. Honda kuwa, irin su TRX 420 da TRX 500, ba su da bel ɗin nan sam, galibi giya ce ta haƙora a cikin mai, duk wanda ya ce zai sayar maka ambirayaj mai rola irin na bidiyo na Honda TRX to ko bai sani ba ko cuta ce yake shirin yi maka. Yamaha Grizzly nasa tsarin daban, yana da wani ambirayaj a cikin man inji da ke kamawa ya saki, bel ɗin kullum a ɗaure yake, shi ya sa bel ɗinsu ke daɗewa, a gaba yana da gale, wato ƴan ƙarafan nauyin nan, guda 8, na bayansa kuma ba irin mai maɓallan nan ba ne. Mai Grizzly abin da ya fi masa muhimmanci shi ne man da ake zuba masa in an yi bidanj, wato canjin mai, a nemi na moto mai alamar JASO MA, in aka zuba na mota mai santsi sosai ambirayaj ɗin cikin zai fara sulɓi, ya zo yana zargin bel alhali mai ne.

Ƙananan na Sin kuwa, 150 da 200 masu injin GY6 irin na sikuta, su ne suka fi yawa a hannun samari, kuma a nan ne ake yawan ruɗa mutane. Su dama da gale suka zo a gaba, guda 6, galibi girman 18 da 14 a milimita, su ne ƙarafan nauyin da na ce juyi na wurgawa. To sai mai sayarwa ya miƙo wa yaro ƴar leda da gale shida ya ce ga rola ɗin da ake magana, yaro ya biya yana murna. Waɗannan a gaba suke, aikinsu daban da na bayan da nake bayani. Canja su yana da nasa amfanin, marasa nauyi suna barin inji ya yi juyi sama kafin giya ta hau, ka samu tashi mai kyau da jan kaya amma ya ƙara shan esans da ƙara, masu nauyi kuma giya ta hau da wuri, inji ya kwanta, a gudro daɗi, a rairayi ya mutu maka. Bambancin giram ɗaya ko biyu kawai sai ka ji shi a hannu. In gale ya tsufa gefensa baje wa yake yi, ka birgima shi a kan tebur sai ya tsaya a wuri guda, to duka shidan ake canjawa, ba a haɗa tsoho da sabo, kuma a auna su a ɗan sikelin masu zinariya don na sha ganin leda ɗaya da nauyi iri biyu a ciki.

Wanda ya ƙudurta zai sa na bayan mai rola, to ya san ba abu ɗaya yake saya ba. Piyas ɗin nan ba a samunsa a kan tebur a nan, sai an yi komande ta Yamai ko a aika Kano ta Matamai ko Magariya, wani lokaci daga can ma sai an jira ya zo daga waje, in ya zo bai shiga ba babu mai karɓar maka. Dole a ƙirga haƙoran sandar da zai zauna a kai, a san shekarar kwad ɗin da lambar jikinsa, a san faɗi da tsawon bel. Helis ɗin ma iri iri ne, akwai lambar kusurwa a buge a jikinsa, mai tsayayyar gangara yana saurin hawa babbar giya, mai kwantacciya yana riƙe bel da ƙarfi kuma ya fi saurin komawa ƙasa, mu masu rairayi da lodi ta ɓangaren kwantacciyar muka fi karkata. Rasor kuma kowane kamfani da launin da yake shafa wa nasa, jan wannan kamfani ba shi ne jan wancan ba, kar wani ya ce maka sa ja kawai shi ne mai ƙarfi. Sannan wasu Polaris suna da birkin inji da ake rubuta wa EBS, in ka saki wuta a gangara inji ne ke riƙe ka, wannan sai da helis nasa na musamman, in ka sa wanda ba shi ba kwad zai riƙa sulalewa, ka yi tunanin mutum da amalanke cike da buhuna a bayansa yana saukowa daga tudu sai birki kaɗai. Wannan ba maganar kuɗi ba ce kuma, ta rai ce.

Ƴan uwana bakanikai, mu ma da namu. Ambirayaj na gaba a matse yake a kan bakin sandar inji, akwai dogon bulo, wato kusa mai zare, na musamman da ake ɗaurawa ya ɓalle shi, amma sai ka tarar an sa guduma da ƙarfen taya ana dukansa, faranti alminiyon ne, ya lanƙwashe ko ya tsage ta ciki inda ido ba ya gani, abin da ke juyi dubbai a minti ɗaya. An kawo mini wani daga wani garaj da ba zan kira suna ba, bayan farantin duk sawun guduma, boris ɗin inji ya fara kuka, mai shi ya biya kuɗin rola ya koma biyan kuɗin buɗe inji. Rasor na baya kuma a danne yake da ƙarfi sosai, in yaro ya cire zoben da ke riƙe shi ba tare da an danne shi da abin matsewa ba helis fitowa yake yi kamar an harba, kuma fuskar yaron ce a saitinsa. Dogon bulo mai zare da washa biyu da faifan ƙarfe sun isa a haɗa abin dannewar, kowane mai walda zai yi maka. In an zo ɗaurawa a duba puli biyun suna kan layi ɗaya, a duba sakin bel, a ɗaure da kile, wato sifana, mai awo gwargwadon abin da littafin ya ce. Giris kuma kar ya taɓa fuskar faranti ko bel, ko ɗigo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya zuba jikkuna masu yawa a rola, alhali abubuwan da ke kashe masa bel kyauta ake gyara su. Na farko giyar L, wato ƙaramar giya ta jan kaya. Mutane sun maida H, wato babbar giya, gidan zama, da lodi da ba lodi, a rairayi, a cikin garka ana tafiyar ƙafa, duk H. Littafin Polaris da kansa ya ce in za ka daɗe kana tafiya ƙasa da kilomita 11 a awa ko kana jan kaya ka sa L, don a H da ƙaramin gudu bel yana can ƙasan farantin gaba inda riƙon ba shi da ƙarfi, sulɓi kawai yake yi yana ƙonewa. In kwad ya kafe kuma ka ci gaba da ba shi wuta taya ba ta motsi, farantin gaba yana cin bel a wuri guda, ka ciro shi ka ga ya rame a waje ɗaya kamar an ɗaure masa ƙugu, daga nan duk tashi sai ya riƙa fizga. Ko rola ta zinariya ka sa ba za ta hana wannan ba. Sai murfin, yana da bututun shigar iska da na fita, na sha zaro baƙar leda da ciyawa da sheƙar ɓera daga ciki, bel yana dahuwa ba iska. Wasu kuma su cire murfin ɗungurum wai ya sha iska, to ya sha rairayi dai, ga haɗari ga ƙafa da bakin riga. Da damina in an ratsa ruwa akwai ɗan bulo a ƙasan murfin, a buɗe ruwan ya zube, a sa giya a N, inda ba ta jan taya, a ɗan ba shi wuta ya bushe kafin a tafi. Sabon bel a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu a bari ya bushe, a goge faranti, a yi masa tafiyar lallaɓa kilomita 50 zuwa 80 na farko gwargwadon abin da kamfaninsa ya rubuta, kuma in an cire shi a maida shi ta fuskar da yake juyawa a da. Tayu ma, na kwad iska kaɗan suke so, ƙasa da rabin bar, amma mai faci in ba a gaya masa ba sai ya ɗura musu bar 2 kamar na mota, taya ta yi tauri ta riƙa tona rami maimakon ta hau kan rairayi, duk wahalar a kan bel take ƙarewa.

Roƙona guda biyu ne Malam Edita. Na farko ga masu kula da cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke jihar nan, dan Allah a shigar da ambirayaj mai bel cikin karatun gyaran moto, sikuta suna ƙaruwa a hannun mata da ɗalibai kuma tsarinsu ɗaya ne da na ƙananan kwad, yaro ya ga helis da gale da rasor a kan tebur tun yana makaranta, a nuna masa yadda ake danne rasor kafin ranar da zai haɗu da shi shi kaɗai a garaj. Na biyu gare ku, ko sau ɗaya a wata a ba masu sana'ar hannu rabin shafi su yi bayani da Hausa, don bidiyon nan da Turanci suke, littattafan da Turanci ko Faransanci, mai kwad da ke Damagaram Takaya ko Dungas ba shi da wanda zai tambaya sai mai sayar da piyas ɗin. In akwai abokan sana'a a Maraɗi ko Agadas ko Diffa da suka gwada helis da rasor daban daban a rairayinsu, ina so su rubuto su faɗi lambar da ta yi musu da irin kwad ɗin, mu ma mu gwada a nan.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku, mai gyaran moto daga Damagaram.